Randar da Muka Auna da Hannunmu

Ranar da muka kai randunan ƙofar gidan Jauro, mai unguwarmu a Sabon Layi, ga waɗanda ke wurin. Akwai Jauro kansa a kan kujerarsa ta roba. Akwai Sista Rifkatu, ma'aikaciyar lafiya mai zaga gidaje a shekarar, da farar riga da agogo a hannu. A cikinmu masu ginin tukwane akwai Goggo Dudu, wadda ta koya mini sana'ar, lokacin idonta ya fara tafiya. Akwai Saratu. Akwai Kwanye, 'yar duwatsun Michika da ke aure a unguwar Kolere. Sai ni Dija, da suke ce wa Adda. Sauran matan unguwa ne, sun tsaya nesa-nesa da juna, kowa ta toshe hanci da bakin mayafi, don shekarar amai da gudawa ce, ba mai son jikinta ya gogi na wata. Abu ɗaya ya tara mu. Sista za ta duba randunan ta faɗa ko za a bar randa a gidaje ko a kife ta. Tuwon gidajenmu huɗu yana rataye da abin da zai fito daga bakinta.

Ku da kuke zuwa daga unguwar Lokuwa da wayoyinku, ku tsaya mini a ka kuna ɗaukar hoto kuna cewa ashe wasan laka ne, ku nemi wuri ku zauna. Ni ban taɓa shiga aji ba. Jikata ce ke rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

Kaskon farko da na gina, Goggo Dudu ta ɗaga shi ta duba ciki da waje, ta aje a ƙasa, ta sa diddige ta taka. Ba ta ce mini komai ba sai, "Jiƙa shi." Kafin wannan kaskon na daɗe ba a bar ni na gina ko asusu ba. Aikina haƙo yumɓu a gaɓar mayo, wato rafinmu, in ɗoro a ka, in baza ya sha iska, in zauna ina tsince tsakuwa. Daga nan in daka tsingaro a turmi har ya koma gari, a haɗa da yumɓun don kada ya tsage a wuta. Tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar dawa in ta kuɓuce miki, za ta yi shiru cikin jikin tukunya har ranar gashi, sannan ta fasa taki ta fasa ta maƙwabciyarki. Goggo da haƙori take gwada yumɓu. Ta gutsura ta tauna, in ya yi ƙas-ƙas fiye da kima ta tofar ta ce in koma mayo.

Kayan aikina duka ƙwarya ɗaya za ta ɗauke su: dutsen mayo mai santsi na goge jiki, sakaina ta kankare ciki, ɗan katako na bugu, tsumman fata na gyara baki, da totuwar masara da nake mirginawa ta bar zane a kafaɗa. Ba mu da ma'auni. Ma'auninmu hannu ne. Tsayin randa kamu kaza, faɗin baki taƙi kaza, kaurin jiki yatsa ɗaya a gindi, ya ragu in an hau sama. Ku dubi hannun nan da kyau. Mai bugun yumɓu tun ƙuruciya tafinta buɗewa yake, gaɓoɓin su kumbura su tsaya a haka. Ni tun ina da ɗa biyu awarwaro ya daina shiga hannuna. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata randa da nake tunawa ita ce ta wani direban motar Michika. Ya zo ya ce yana son babba, wadda za a aje a bakin tasha sadaka, kowa ya sha. Na gina mata baki mai faɗi yadda moda za ta shiga ta fito ba ta karo ba. Da ya zo ɗauka ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ta amsa kamar ƙarfe, ya ce, "Mama, wannan ai za ta binne ni." A lokacin ba ƙofar masallaci ko ta coci da ba randa da moda a kai. Ba amaryar da za a kai ɗaki ba randa, Musulma ko Kirista. Uwar amarya za ta zo ta ƙwanƙwasa goma, ta kushe goma, ta koma ta ɗauki ta farko. Randa takan yi gumi a jiki, gumin nan ne ke sanyaya ruwa. Mai shigowa daga rana ba ya tambayar wa ya gina.

Mu aikinmu na rani ne. Da damina yumɓu ba ya bushewa, kara da kashin shanu da muke gashi da su sun jiƙe, sai mu koma gona, muna sayar da abin da muka tara. Kowace takan ɓoye ɗan busasshen makamashi a rumfa don gashin farko bayan ruwa ya ɗauke. Haka muke tun kakanni.

Cutar ta shigo da tsakiyar damina, 'yan shekaru kafin shekarar da 'yan bindiga suka sa muka bar gari da gudu. Mutum za ku gaisa da safe, la'asar a ce an kai shi. Na ga ana ɗora mace a keke napep tana zuba kamar tulun da ya huje. Saratu ta binne surukarta da ɗan mijinta a mako ɗaya. Aka daina cin abinci a gidan makoki, aka daina miƙa hannu. A wannan halin Sista Rifkatu ta shigo gidana tana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da suga. Ta tsaya a kan randata, ta ɗaga faifan da na rufe ta da shi, ta ga moda tana yawo a kan ruwa.

"Mama, hannu nawa ke shiga nan a wuni?"

"Hannun da ƙishi ya kawo."

"To cikinsu akwai wanda ya fito daga bayan gida, akwai wanda ya wanke wa mara lafiya zani."

Na ce, "'Yar nan, randar nan ta girme ki. Ba ta taɓa kashe kowa ba."

"Ba laifin ƙasar ba ne, Mama. Bakin ne. Ya yi faɗi."

Maganar ta shige ni. Bayan kwana kaɗan Jauro ya sa aka yi shela a kife duk randar da ke ƙofar gida. Ta bakin tasha ma aka kife ta. A kasuwa muka zauna da kayanmu tun safe har rana ta karkata, ba wanda ya ƙwanƙwasa ko tulu. Mata na wucewa suna ɗauke kai kamar mu muka gina cutar.

Kwanye ce ta zo da dabarar. Ta taho daga Kolere a ƙafa, taɓo har gwiwa, ta same mu a rumfar Goggo Dudu. Kwanye ba almajira ba ce, ta ƙware, a gyaran wuyan tulu ma ta fi ni, ina faɗa a gabanta ina faɗa a bayanta. Hausarta dai har ta tsufa ba ta miƙe ba.

Ta ce, "Adda, Sista ya ce baki ne matsala, ko? To mu rage baki. Jikin randa, wuyan tulu. Hannu ba ya shiga, sai ludayi mai dogon mariƙi. A ɗaure ludayin da igiya, a yi masa murfi."

Goggo Dudu ta yi tsaki. "Jikin saniya da bakin ɓera. Wa ya taɓa gani?"

Kwanye ta ce, "Wa ya taɓa ganin randa a kife a ƙofar masallaci, Goggo?"

Ni da Kwanye muka tari Sista a hanya muka faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce an yi alkawarin kawo jarkoki a mota a raba wa gidaje, ba ta san rana ba. In mun riga motar, kuma hannu bai shiga ba, ita da kanta za ta tsaya a ƙofar Jauro ta ce wa mata su koma wa randa.

Randa ta farko cikin sababbin ni na fara ta. Gindi da ciki ba wani sabon abu, wahalar a kafaɗa take. Tulu ƙarami ne, yatsu biyu sun isa su tallafe shi ta ciki. Randa kuwa kafaɗarta faɗi gare ta da nauyi, dole hannun hagu ya zauna a ciki yana tokare da yumɓun, na dama yana bugu ta waje, kina matsewa kina matsewa har bakin ya kama tsintsiyar hannunki. Sai ki dunƙule yatsu kamar mai tsame tuwo daga miya, ki zare a hankali. Biyu sun rufta mini kafin ta uku ta tsaya. Muka ce iyakar matsewar ke nan, inda hannu ya fita da ƙyar. Mun kuma san yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a wuta. Abin da ya fita da ƙyar yana ɗanye, ba zai koma ba in ya gasu. Lissafinmu ke nan, mu huɗu, kuma ba wadda ta ga rami a cikinsa.

Kowace ta gina biyu. Sai shanya, ga sama kullum a haɗe. Muka kwashe su zuwa ɗakin Goggo, muka hura ƙaiƙayi a kasko yana hayaƙi ba harshen wuta, muna juya su safe da yamma. Ɗakin ya koma kamar na ƙyafe kifi, tsohuwa ta koma kwana a zaure. Kullum in ɗora kuncina a gindin kowace. In ta yi sanyi a kunci, da sauran ruwa a jikinta, ko da ido ya ce ta bushe. Saratu tana ta azalzala, wai motar za ta riga mu. Na ce ta riga mu ɗin, ɗanyar randa ba ta shiga wuta ina raye.

Da suka bushe muka tara makamashi. Na fito da karana duka, Saratu ta kawo kashin shanun da ta ɓoye, Goggo ta ba da tsofaffin zana. Na zaga tarin na duba, na ce bai isa ba, ba ciyawar rufe sama, wutar za ta gudu ta bar kafaɗu ɗanyu. Kwanye ta tashi ta tafi. Da azahar sai ga ta da amalanke cike da busasshiyar ciyawa baƙa ƙirin da hayaƙi. Kallo ɗaya na yi na gane.

"Kwanye, jinkar madafarki ce wannan."

"Ita ce, Adda."

"Da damina? Mijinki, Baban Tizhe, ya sani?"

"Ya sani. Ya ce in randa ya karɓu, za mu yi rufin kwano. In bai karɓu ba, ni da laka har abada, in koma gona." Ta yi dariya. "Za ya karɓu."

Muka jera su baki ƙasa, muka cusa kashin shanu a tsakani, kara a kai, jinkar Kwanye a bisa. A al'adarmu babba ce ke sa wuta. Aka kama hannun Goggo Dudu aka kai ta, ta yi bisimilla, Saratu da Kwanye suka yi tasu addu'ar. Hadari na haɗuwa ta wajen duwatsu, mu idonmu a sama, kunnenmu a wuta. Mai gashi kunne take kasawa, don randa in za ta fashe takan yi ƙara kamar bindiga. Ba mu ji ko ɗaya ba. Wuta ta ci ta kwanta, muka jawo su da dogon itace suna ja, muka yayyafa musu ruwan makuba suka yi cuu suka ɗauki baƙin sheƙi. Muna shigar da ta ƙarshe rumfa ruwa ya sauko.

Da suka huce muka gwada. Na tura hannuna, ya tsaya a gaɓoɓi. Kwanye ta tura, bai shiga ba. Saratu ta shafa mai ta murɗa ta murɗa, ta ce, "Ko ɓarawon Sabon Layi sai dai ya haƙura." Goggo ta laluba bakin da yatsu ta ce, "To, ɓeran ya yi kyau." Ludayi kuwa yana shiga yana fita da ruwa. A duk shekarun da na yi ina gashi ban ga wuta ta yi adalci irin ta ranar ba.

Mun riga motar. Muka jera su takwas a ƙofar Jauro, kowace da murfinta da ludayinta a ɗaure. Muka cika ɗaya da ruwan da Sista ta sa wa magani. Jauro ya ƙwanƙwasa da sandarsa ya ce madalla. Kwanye ta ɗebo da ludayi ta zuba a kofi, ta tura hannunta a bakin don mata su ga ya ƙi shiga. Na ji mata sun fara matsowa, wata tana tambayar ko akwai ƙarama.

Sista Rifkatu ta zagaya randar. Ta yaba murfin, ta yaba igiyar. Sannan ta je ga wadda ba ruwa, ta naɗe hannun rigarta, ta haɗa yatsunta. Hannun ya shige sulu, har agogon, har gwiwar hannu.

Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya, wasu suka bi ta. Sista ba ta yi dariya ba. Ta zaro hannun ta dube shi, ta dubi nawa.

"Mama, a gidanki wa ke ɗebo ruwa in baƙo ya zo?"

Na ce, "Yara."

"Nawa ya shiga, na yaro da gwangwanin tumatir zai shiga. In ludayin ya ɓata ko igiya ta tsinke, hannu za su sa. Ni ba zan iya tsayawa nan in ce hannu ba ya shiga ba, alhali kowa ya gani. Jiya yara biyu aka ɗauka a layin nan." Ta sassauta murya. "Aikin ya yi kyau, wallahi. Ku ƙara matse bakin kaɗan, ku kawo."

Goggo Dudu ta ce, "Mu gasa da me, 'yar nan? Da ruwan sama?"

Sista ta sauke hannun rigarta. Jauro ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya tashi ya shiga gida. Mata suka watse. Kwanye ta tsugunna tana kwance igiyoyin ludayi ɗaya bayan ɗaya tana naɗewa.

Ba na ganin laifin Sista, gaskiya ta faɗa, kuma rai ya fi randa. Abin da ke ci na shi ne ƙanƙantar abin. Faɗin yatsa biyu. Mu huɗu, da shekarun da in an haɗa sun fi ƙarni a kan yumɓu, muka zauna a gida cike da yara suna wasa a gindinmu, ba wadda ta ce zo nan, kawo hannunki. Da Kwanye ta ɗora wuyan daban bayan an rufe kafaɗa, yadda take yi wa tulu, da an wuce wurin. Mun san ƙasa, mun san wuta, mun san hadari. Mai shan ruwan ne ba mu duba ba, don tun da muka tashi hannunmu muke aunawa da shi, bai kuma taɓa yi mana ƙarya ba sai ranar. Wannan shi ne abin da shekarar ta koya mini, ta kuma karɓi ladan koyarwarta da tsada. In za ki yi wa mutum abu, auna da jikinsa.

Sauran kun gani da idonku. Mota ta zo, kowane gida ya sami jarka mai ruwan ɗorawa. Cutar ta tafi da ɗaukewar ruwa, jarka ta zauna. Da kaka na gina mai matsattsen baki yadda ya kamata, ta yi kyau, ba mai nema, ido ya riga ya saba da roba. Saratu ta koma tuyar ƙosai. Goggo ba ta sake sa wuta ba har Allah ya karɓe ta. Shekarar da muka gudu muka bar gari, da muka dawo na tarar an kwashe mini har tabarma, amma randunan nan na jere a rumfa, ba wanda ya ga abin ɗauka. Yau amarya da firji ake kai ta, wuta ta ɗauke ta sha ruwan zafi mai warin roba. Ni kaɗai na rage ina bugun yumɓu a layin nan, yawanci kaskon turare da tukunyar fulawa.

Amma washegarin ranar Jauro ban san duk wannan ba. Na yi sallar asuba, na leƙa gidan maƙwabta na ce a ba ni aron autarsu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Na haɗa mata yatsu na ɗora a kan wani busasshen kara da ya rage a bayan rumfa, na yi tsaga biyu da wuƙa daidai faɗin hannunta. Na ɗauki karan na kama hanyar Kolere cikin yayyafi.

Na sami Kwanye a madafarta, sama a buɗe, sai sandunan jinka tsirara. Ta ɗaura leda a kusurwa ɗaya, tana durƙushe a ƙarƙashi tana fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika mata ido, yara na zaune da kofuna suna jiran kunu. Fartanyarta na jingine a bakin ƙofa. Na miƙa mata karan na nuna mata tsagar.

"Ga awon. Ki ɗora wuyan daban, ke kika iya. In kaka ta yi mu sake."

Ta karɓa ta juya shi, ta sa babban yatsanta tsakanin tsagar biyu, ya kusa cike wurin. Ta daɗe tana kallo.

"Adda, busasshe ne," ta ce.

Ta karya shi biyu ta tura ƙarƙashin tukunya. Wuta ta kama. Iska na kaɗa ledar ruwa na zuba a murhu, sai na kama bakin ledar na ɗaga, na tsaya na riƙe mata har kunun ya tafasa.